Igiya A Wuyan Kare, Alhaki A Wuyanmu

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan maƙala, domin na san abin da wani mai karatu zai ce da zarar ya ga kanunta: ana fama da tsadar hatsi da kuɗin makaranta, shi kuwa Dakta ya rasa abin da zai cika shafi da shi sai wuyan kare. Ƙorafin yana da hujja, kuma zan dawo kansa kafin in ajiye alƙalami. Sai dai abin da ya faru a ɗan lambuna bara ya tsaya mini a rai, ga shi kuma laifin nawa ne, ba na kowa ba. Na ga gara in faɗe shi da bakina, ko wani ya tsira daga irinsa.

Ina da ɗan lambu a bayan garin Dutse, ta hanyar Kiyawa. Bai cika kadada ɗaya ba. Akwai 'yan itatuwan dabino, kamar yadda kowane mutumin Dutse yake burin ya mallaka, da mangwaro da gwaiba da akurkin kaji. Da ɓarayin kaji suka matsa mana, sai dattijon da ke kula da wurin ya ce mini, “Dakta, ni tsufa ya kama ni, barcina ya yi nauyi. A samo mana kare.” Wani abokin aikina a jami'a ya ba ni kwikwiyo ruwa biyu, uwarsa ƙaramar karya ce irin ta ƙasashen waje, ubansa kuwa karen gida. Bai yi girman da zai tsorata kowa ba, amma yana da kunne, yana da haushi, abin da muke nema ke nan. Yarana suka raɗa masa Guntu.

Ranar da muka kai shi lambu, na tsaya a kasuwa na sayi shuɗiyar igiyar leda, irin wadda ake shanya da ita. Ni da hannuna na yi masa zarge a wuya, na ɗaure ɗaya bakin a gindin mangwaro, kamar yadda na ga ana yi wa akuya tun ina yaro. Ban yi tunanin komai ba. Dabba ce, igiya ce, turke ne. Me kuma ya rage?

Daga nan aiki ya taso. Jarrabawa ta zo, takardu suka taru, sai kuma wata tafiya ta biyo baya. Na yi kusan mako bakwai rabona da in zauna a lambun, sai dai in leƙa daga mota in miƙa wa dattijo kuɗin abinci in wuce. Ana cikin zafin watan Afrilu, lokacin da duwatsun garin nan suke mayar da zafin da suka sha har tsakar dare, na ɗebi yara muka je wata Asabar da la'asar. Guntu ya hango mu, ya zaburo da gudu har igiya ta ƙare ta fizge shi baya. Sai ya tsaya, ya miƙe wuya, ya fara wani irin tari mai ƙara, busasshe, ba ƙaƙƙautawa. 'Yar autata mai shekara tara ta kama hannuna ta ce, “Abba, me ya sa Guntu yake kuka irin na agwagwa?”

Na durƙusa zan sassauta igiyar, sai na neme ta na rasa. Ta nutse cikin gashi, ta ƙasan wuya kuma ta shige cikin fata. Kwikwiyon ya girma, zargen bai girma ba, kowace fizga ma ƙara tsuke shi take yi. Wari ya buge ni, ƙudaje suka tashi. Dattijo ya rantse bai lura ba, na kuma yarda da shi, domin idonsa ba ya gani sosai, kuma ba shi ya ɗaura ba.

Likitan dabbobin da muka kai wa shi matashi ne, a shekaru bai wuce ɗalibaina na digiri na biyu ba. Ya yi wa Guntu allura, ya aske gashin, ya yanke igiyar da almakashi a hankali, ya wanke mikin. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Da ya gama sai ya ce, “Yallaɓai, ɗora yatsa biyu a maƙogwaronka, ka ɗan danna.” Na danna, nan take tari ya taso mini. Ya ce, “To, shi sau nawa a yini yake danna nasa da dukkan nauyin jikinsa?”

Ga abin da ya bayyana mini, wanda daga baya na bi littattafai na tabbatar, kamar yadda ɗabi'ar aikinmu ta saba. Maƙogwaron kare bututu ne da aka jera da zobban guringuntsi. Zobban ba su haɗe baki ba, ta sama wani tantani ne mai laushi ya rufe su. A babban kare suna da kauri, ga tsoka ta kewaye su. A ƙaramin kare kuwa sirara ne, kuma a wasu jinsuna, irin su Chihuahua da Pomeranian da Yorkshire, sukan zo da rauni tun daga gado, har bututun ya riƙa lotsawa idan iska za ta wuce. Alamar wannan ciwo ita ce tarin nan mai kama da kukan dinya. Igiya ba lallai ita ce asalin raunin ba, amma ita ce take tayar da shi, take kuma tsananta shi. Ban da maƙogwaro, ta wuyan nan ne manyan jijiyoyin jini suke kai jini ƙwaƙwalwa su dawo da shi. A nan kuma ƙasusuwa bakwai suke, adadin da ke wuyana da naka da na raƙumin dawa. Wani abin da ya fi shafarmu a wannan yanki shi ne, kare ba ya yin gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. Wanda ya tsuke masa hanyar iska a watan da zafi yake haura digiri 40, ya toshe masa tagar da yake shan iska ta cikinta.

Masana sun auna wannan. A 2006 wasu likitocin dabbobi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun gano cewa idan kare ya ja da madaurin wuya, matsin ruwan cikin idonsa yana hauhawa, amma idan ya ja da ɗamarar ƙirji ba a ganin irin wannan hauhawar. A 2020 kuma wasu masu bincike a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila suka gwada madauran wuya iri-iri a kan wuyan roba da aka ƙera domin gwaji, suka tarar babu ko ɗaya da matsinsa bai kai ya yi lahani ba idan aka fizga. Shawararsu ita ce a bar madaurin wuya domin rataya shaida, a koma ja da ɗamarar ƙirji.

Da na gama karance-karancen, sai kunya ta biyu ta kama ni, wadda ta fi ta gaban likita. Babu wani abu a cikin takardun nan da mahaifina bai sani ba, shi da bai taɓa zama a aji ba.

Na tashi a gidan noma. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da bijimai biyu na huɗa, da su yake yin gonarsa, da su yake yi wa mutane ƙodago, da rani kuma a ɗaura musu amalanke su kai taki. Kowace yamma idan aka sauke karkiya, kafin ya wanke ƙafarsa, sai ya bi wuyan kowane sa da tafin hannunsa, daga bayan ƙaho har gindin tozo. In ya ji wuri ya yi zafi ko gashi ya fara zubewa, sai ya aike ni in karɓo man kaɗe wurin mahaifiyata. Karkiyar da kanta ya sa an fafe ta ta yi sumul, ya kuma naɗe inda take zama da tsofaffin tsummoki. Na taɓa ganin ya mayar wa wani mutum kuɗin huɗarsa a tsakiyar damina, lokacin da kowa yake neman shanu ido rufe, saboda ɗaya san ya fara miki. Mutumin ya yi ta magiya. Mahaifina ya ce masa, “Ka yi haƙuri. In na ci kuɗinka yau, wuyan nan ne zai biya, shi kuwa ba shi da bakin da zai ce a'a.”

Ilimin da ke cikin wannan ba boyayye ba ne. Duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ta san amfanin gammo. Nauyin tulun bai ragu ba, shimfiɗa shi aka yi a wuri mai faɗi. Siririyar igiya tana tattara duk ƙarfin fizga a layi ɗaya kamar bakin wuƙa, ɗamara mai faɗi kuwa tana raba shi a kan ƙashin ƙirji da kafaɗu, inda halitta ta tanadi ƙashi da tsoka. Sa yana jure karkiya ne domin tana zama a saman wuya, gaban tozo, nesa da maƙogwaro. Doki da jaki ba su da tozo, shi ya sa masu hankali suke sa su ja da ƙirji ko kafaɗa. Masana tarihi sun rubuta da yawa a kan wannan. A ƙasar Sin aka fara ƙera abin wuyan doki mai laushi wanda yake ɗora nauyi a kafaɗa ya bar maƙogwaro, bai yaɗu a Turai ba sai wajen ƙarni na 10, kuma yana cikin abubuwan da suka sa doki ya karɓi aikin garma a can. Ashe tambayar inda za a ɗora igiya a jikin dabba tsohuwar tambaya ce, kuma al'ummu sun ci riba da amsa ta daidai.

Likita ya ce kada wani abu ya sake taɓa wuyan Guntu. Na tambayi ɗamarar ƙirji a Dutse ban samu ba. Wani ya turo mini hotonta daga wani kanti a Kano, da na ji kuɗin sai na ce a bar ta. Na ɗauki hoton na nufi wurin wani baduku da ke gyara mini takalma a kasuwa. Ya duba, ya dube ni, ya ce, “Ranka ya daɗe, kare za a yi wa ɗamara? Dambe zai shiga?” 'Yan rumfar suka fashe da dariya. Na bar su suka gama. Shi kuwa ya ci gaba da juya wayar a hannunsa, can sai ya ce, “Ai wannan majayi ne da abin ƙirji, irin na sirdi. Mu da muke yi wa dawakin hawan Sallah, wannan ne zai gagare mu?” Ya ce in auno masa kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, da kuma daga ƙashin ƙirji zuwa tsakiyar baya. Bayan kwana biyu ya haɗa ta da maɗaurin tsohuwar jakar makaranta, ya yi mata shafi da tattausar fatar akuya, ya sa zoben ƙarfe a gadon baya. Kuɗin da ya karɓa bai kai na kwanon gero biyu ba. Gwanintar tana nan a kasuwanninmu, tambayarta ce ba a yi.

Kada in yi wa mai karatu tallar da ta wuce gaskiya, ita ma ɗamarar ƙirji tana da nata aibin. In ta matse, tana goge hamata ta yi miki. In ta yi sako-sako, kare yakan ja da baya ya zare jikinsa ya gudu. In aka bar ta dare da rana, zafi yana taruwa a ƙarƙashinta, kaska kuma ta samu maɓoya. Wani maharbi da na yi hira da shi a ƙauyenmu ya ce shi ba zai sa wa karnukansa ba, domin a cikin sarƙaƙiya ƙaya za ta riƙe su, kuma ya yi gaskiya. Karen farauta a daji, da babban karen da aka horar ba ya ja, ba su ne abin damuwata ba. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne: ƙaramin kare, da kwikwiyo, da mai gajeren hanci, da duk wanda yake tari ko yake yawan fizga, a ja shi ta ƙirji. Madaurin wuya, in za a sa, ya zama mai faɗi, wanda ba ya zargewa, kuma yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da fata. In dabbar tana girma, a duba duk mako. Zarge kuwa, da waya, da siririyar igiyar leda, ba su da wuri a wuyan kowace dabba.

Akwai kuma abin da ɗamara ba ta magancewa, wato ɗaurin kansa. Karen da ya yini ya kwana a turke, cikin rana, da ciwo a wuya, yakan zama mafaɗaci. Ba shi da hanyar gudu, saboda haka duk wanda ya matso sai ya tare shi da haƙori, kuma mafi yawan masu matsowa yara ne. Ranar da na gano mikin Guntu, 'yata ce ta fara miƙa hannu za ta shafa wuyansa, Allah Ya sa na riga ta. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin a lokacin ko allurar rigakafin ciwon hauka ban yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma rigakafinsa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara gwada shi a Faransa, kuma a nan gida cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin na karnuka. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai faru. Nan ne amfanin madaurin wuya na gaskiya yake: a rataya masa shaidar rigakafi, domin maƙwabci ya san karen yana da mai shi.

Tun daga wannan lamari idona ya buɗe a kan wuyan dabbobi, har ya zame mini kamar wata lalura. Ka je Shuwarin ranar kasuwa, ko Gujungu, ko Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya a bakin kara. Za ka ga akuya ta turje, yaro yana janta da zarge, harshenta a waje, idanunta sun firfito. Za ka ga ragon layya da aka saya da dubban ɗaruruwa, an yi masa wanka, ana ba shi dusa da harawa, amma igiya ta cinye gashin wuyansa. Za ka ga jakin kura da ƙirji duk gyambo, an ɗora masa igiyar buhu a kan mikin jiya. Masu yin haka ba mugaye ba ne, kamar yadda ni ma ban ɗauki kaina mugu ba ranar da na ɗaure Guntu. Sabo ne, da gaggawa, da rashin dubawa. Kuma hasara ce ta kuɗi tsagwaronta: san da ya yi miki a watan Yuli ya bar gona ba huɗa, fatar da igiya ta yanka kuma ta rage daraja a wurin majemi.

Na san matsayin kare a al'adarmu. Sunansa zagi ne, yara kuma suna ganin jifansa wasa ne. Amma littattafan da muka karanta a zaure ba su koya mana haka ba. An halatta riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Malamai suna ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa domin tsaro lokacin da katangarsa ta faɗi. Kowane ɗalibi kuma ya san hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Dokar ƙasa ma, wato kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada, ta sanya zaluntar dabbar gida cikin laifuffuka. Ba wanda ya tilasta mini in ajiye kare. Amma tun da na ajiye shi domin ya yi mini gadi, na kuma hana shi zuwa neman abin da zai ci da inuwar da zai kwanta, to duk abin da ya same shi a turken nan a wuyana yake.

Yanzu in dawo kan mai ƙorafin farko. Gaskiya ne mutane suna cikin matsi, kuma yaron da ya kwana da yunwa ya fi karnukan duniya duka. Amma ban ga inda duba wuyan dabba ya rage wa wani tuwo ba. Abin da ake bukata yatsu biyu ne da minti ɗaya. Ina ma ganin ɗabi'a ɗaya ce take aiki a wuraren biyu. Mutumin da ya saba ɗaurewa ya juya baya, ba ya komowa ya ga ko abin da ya ɗaure ya girma, haka zai yi wa ɗan aikinsa, da almajirin da ke ƙofar gidansa, da ɗalibin da aka ba shi ya duba. Na zauna na lissafa ɗaliban da na ɗora wa ƙa'ida a farkon zango ban sake tambayar yadda take zaune a wuyansu ba, lissafin bai yi mini daɗi ba.

Mikin Guntu ya warke cikin wata guda, ya bar tabo kamar zobe inda gashi bai sake fitowa ba. Mun kewaye masa wani ɓangare na lambun da waya, yana yini a sake a inuwar mangwaro, ba a sa masa ɗamara sai za a fita da shi. Tarin kuwa bai rabu da shi ba. Likita ya ce mai yiwuwa haka zai ƙare rayuwarsa, sai dai a kiyaye shi daga ƙiba da ƙura da hayaƙi. Duk lokacin da ya hango motata ya taho da murna, sai tarin ya tsayar da shi a hanya, ya gama, sa'annan ya ƙaraso yana kaɗa wutsiya. Shi bai riƙe ni da komai ba.

Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. Yau da yamma, in ka koma gida, ka je inda dabbarka take ɗaure, kare ne ko akuya ko rago ko jaki, ka sa yatsu biyu ƙarƙashin igiyar. In sun shiga, ka gode wa Allah. In ba su shiga ba, ka san abin yi tun kafin ka yi alwalar magariba. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da aka ba mu kiwo.